Madubin da ke ɗaukar hoton cikin tsoka ba da rini ba: mi ake nufi da hologiram na haske mai ninki?

Duk bayan ƴan watanni sai ka ga an turo wani labari a gurup ɗin WhatsApp, wai Turawa sun ƙera na'urar da ke nuna cikin jiki ta kowane ɓangare ba yanka ba allura, a ƙasa an liƙa hoto mai launin kore ko shunayya kamar zaren saƙa da aka baza. Nan Yamai in maganar ta faɗo a fada wajen shayi, wani ya ce ai sabon iskane ne, wani ya ce a'a irin hologiram ɗin fim ne da mutum ke bayyana cikin iska yana magana, wani kuma tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a kawo shi likita. Abin da irin waɗannan labarai ke magana a kai mikroskop ne, wato madubin duba ƙananan abubuwa, ɗan'uwan wanda ake duba jinin palu da shi a laburatuwar, sai dai an haɗa masa dabaru biyu da kowace ta kai shekara sittin ko fiye. Ɗaya ita ce hologiram, ɗayar kuma ita ce sa tsoka ta fitar da nata haske.

Abin da hoto na yau da kullum ke zubarwa

Haske igiya ne, kamar igiyar ruwa. Duk wanda ya taso yana sauraron rediyo gajeren zango ya san "mita 19" da "mita 25", to wannan mitar ita ce tsawon igiyar rediyo daga wani tozo zuwa na gabansa. Haske ma haka yake da zangonsa, sai dai nasa ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Ido na ganin abin da ke tsakanin kamar nanomita 400 zuwa 700, shunayya a ƙasa, ja a sama. In ya wuce 700 ya shiga infrared, yana nan amma ido ba ya ganinsa.

Igiya na da ƙarfi, tana kuma da abin da za mu kira taku. Ka dubi mata biyu suna lugude a turmi guda, ƙarfin bugunsu zai iya zama ɗaya amma lokacin da taɓaryar wannan ke sauka ta waccan tashi take. Wannan bambancin lokaci shi ne taku. Kamara, ko ta salula ko ta mikroskop, ƙarfin haske kawai take kamawa, takun kuwa ya ɓace, kuma cikin takun ne labarin nisa yake, domin hasken da ya fito daga can ciki da wanda ya fito daga sama-sama ba sa isowa da taku ɗaya. Shi ya sa hoto ke fitowa a shimfiɗe. Shi ya sa kuma mai aikin laburatuwar ke ta murza ɗan maɓallin gefen mikroskop, in saman abu ya fito sarai sai ƙasansa ya yi hazo, in ya sauka ƙasa saman ya ɓace masa.

Hologiram, daga Gabor zuwa kwamfuta

Dennis Gabor, ɗan asalin Hangari da ke aiki a Ingila, shi ya fito da dabarar a 1947 ya buga ta a 1948, kuma tun farko ma mikroskop yake son gyarawa, ba hoton ado ba. An ba shi kyautar Nobel a 1971. Dabarar ita ce a haɗa hasken da ya ratsa abin da ake dubawa da wani haske na biyu wanda bai taɓa komai ba, mu kira shi hasken ma'auni. Ka jefa duwatsu biyu a kogin Isa wajen da ruwa ya kwanta, inda tozon igiya ya gamu da tozo ruwan zai ƙara tashi, inda tozo ya gamu da kwari sai ya lafa. Haka haske biyu ke yi a fuskar kamara, su bar zane-zane na layi mai haske da layi mai duhu, kuma takun da kamara ba ta iya kamawa kai tsaye yana nan a rubuce cikin layukan.

Lokacin Gabor ba a da hasken da ya dace, sai da Theodore Maiman ya kunna lazer ta farko a 1960, sannan Emmett Leith da Juris Upatnieks na jami'ar Michigan a Amurka suka gano cewa in aka karkatar da hasken ma'auni kaɗan hoton na fitowa tsaf. Ɗan abin nan mai ƙyalli a jikin katin banki jikan wannan aiki ne. Daga shekarun 1990 sai kamarar dijital ta maye gurbin fim, kwamfuta ta karɓi aikin warware zanen. A nan ne abin ya yi amfani ga masu mikroskop: ka ɗauki hoto guda, daga baya ka zauna gaban kwamfuta ka ce mata nuna mini sama, nuna mini tsakiya, nuna mini ƙasa, murza maɓallin ya koma lissafi. Masana a Lozan ta ƙasar Suwis sun yi fice wajen wannan tun 1999.

Matsalarsa ita ce ba ya zaɓe. Duk abin da ya karkatar da haske zai fito, ruwa ne, kitse ne, ƙura ce a kan gilashi, hologiram bai san bambancinsu ba.

Haske mai ninki

A rayuwar yau da kullum in ka haska abu da jan haske ja zai dawo maka, in ka ninka fitilar sau biyu abin da ke dawowa ya ninka sau biyu. Masana na ce wa wannan amsa miƙaƙƙiya. Amma in hasken ya yi ƙarfin da ya wuce misali sai abu ya fara amsawa ta wata fuska, kamar lasifikar biki da aka ƙure wa murya, ka ji tana fitar da wasu sautuka sirara da ba sa cikin waƙar. Cikin irin waɗannan amsoshi wanda aka fi amfani da shi shi ne ninki biyu, masana na taƙaita sunansa SHG: ƙwayoyin haske biyu su shiga abu tare su fito a matsayin ƙwaya ɗaya mai ƙarfin biyun, zangonta rabin na farko daidai. Ka aika nanomita 800 da ido ba ya gani, ka samu 400, shunayya.

Da yawa sun taɓa riƙe wannan a hannu ba su sani ba. Ƴar fitilar lazer ɗin nan kore da yara ke haska bango da ita, yawancinsu a ciki infrared ne mai zango 1064, yana ratsa wani ɗan ƙaramin kiristal ya fito 532, wato kore.

Peter Franken da abokan aikinsa a Michigan su suka fara ganin abin a 1961, sun haska lazer mai zango 694 cikin dutsen kwats suka samu 347. Hasken da ya fito ɗin kaɗan ne ainun, a hoton da suka aika wa mujalla ɗan ɗigo ne kawai, har masu buga mujallar suka ɗauka datti ne suka goge shi, takardar ta fito ba tare da shaidar da aka rubuta ta dominta ba. Wannan rauni na hasken har yau shi ne babbar wahalar fannin.

Maganinsa lazer mai harbi gajere. Maimakon haske mai zuba kamar famfo, ana tara shi a sake shi cikin bugu ƙanana, kowane bugu kamar femtosakan 100. Femtosakan a gaban sakan guda kamar sakan guda ne a gaban shekara miliyan 32 ko kusa da haka. Irin lazer ɗin da aka saba amfani da ita tana bugu kamar sau miliyan 80 a sakan, amma da yake kowane bugu gajere ne haka, in ka lissafa za ka ga kusan duk lokacin a kashe take, shi ya sa ƙarfin bugun ke kai maƙura alhali tsokar ba ta ƙone ba. Kuma ƙa'idar ninki biyu ita ce in ka ƙara ƙarfin haske sau biyu amsar ta ƙaru sau huɗu, in sau uku ta ƙaru sau tara.

Mi ke amsawa, mi ke yin shiru

Ba kowane abu ke ninka haske biyu ba. Sai abin da ƙirarsa ke da gaba da baya, wanda in ka juya shi kai ya koma ƙafa ba zai zama daidai da yadda yake ba, kuma a jere yake cikin tsari. Ruwa ba ya yi, kitse ba ya yi. A jikin mutum da dabba babban mai yi shi ne kolajen, zaren nan da ke riƙe fata da jijiya da baƙin ido da ƙashi. Majemi ya san shi ko bai san sunansa ba, domin fatar da yake jima kusan duk kolajen ce, haka ma farin zaren da mai kilishi ke cirewa daga tsoka kafin ya shanya. Sai miyosin, furotin da ke sa tsoka ta motsa, sai wasu ƙananan sanduna cikin ƙwayar halitta da ke aiki lokacin da take rabuwa biyu. A tsirrai kuma sitaci da zaren itace suna yi, ƙwayar garin hatsi ma tana haske a ƙarƙashin irin wannan madubi.

To a nan ne maganar "ba rini" ta fito. A likita in an ciro ɗan nama don bincike, sai an jiƙa shi a magani, a daskarar da shi cikin kakin zuma na roba, a yanka siriri ƙwarai, a rina shi da launi biyu, shuɗi da ja-ja, kafin likitan ya duba, aikin kwanaki ne. Jinin palu ma sai an rina shi da Giemsa. Da ninki biyu kuwa kolajen da kansa ke haske sauran su yi duhu, kamar ka kira suna ɗaya cikin taro mai sunan kaɗai ya amsa. Akwai kuma ninki uku, mai nuna iyaka tsakanin abubuwa biyu kamar ɗigon kitse cikin ruwa, da wata hanyar mai suna CARS da ke zaɓar abu bisa sinadarinsa, ita ma an gwada ta da hologiram.

Yadda aka haɗa biyun

Tun 1990 da Winfried Denk da James Strickler da Watt Webb suka nuna hanya a jami'ar Cornell, yadda aka saba shi ne a tattara lazer a ɗigo guda, a auna hasken da ya fito, a matsa gaba, a sake, layi bayan layi kamar mai shuka rami-rami, in an gama shimfiɗa ɗaya a sauka ta ƙasa. Hoton na kyau amma yana cin lokaci, abin da ke motsi kuwa kafin ka gama ya sauya wuri.

Abin da ya ba da damar kawo hologiram shi ne hasken ninki yana riƙe taku. Akwai wani hasken da tsoka ko rini ke fitarwa in ya sha haske ya ɗan jima ya sake shi, wannan kowace ƙwaya lokacin da ta ga dama take fitowa, kamar watsewar kasuwa. Na ninki kuwa nan take yake fitowa kuma takunsa a ɗaure yake da na lazer ɗin da ta haife shi, kamar faretin sojoji ranar 18 ga Disamba. Abin da ke da taku shi ake iya gwamawa da hasken ma'auni.

A kan teburin gwaji ga yadda yake. Ana raba hasken lazer gida biyu. Kashi ɗaya ya haske samfurin gaba ɗaya a faɗi, kolajen ɗin ciki ya fitar da shunayyarsa. Kashi na biyu a bi da shi ta wani kiristal da zai ninka shi, ya zama hasken ma'auni mai zango iri ɗaya. A sa mataci ya tare asalin infrared ɗin, sauran biyun su gamu a fuskar kamara a ɗan karkace. Wahalar saitin ita ce dole bugun biyu su iso tare, kuma bugun femtosakan 100 tsawonsa a sarari kamar mikromita 30 ne (mikromita mita ɗaya ce a raba ta gida miliyan), bai kai kaurin gashin kai ba, in hanyar ɗaya ta fi ɗayar da hakan zanen ba zai fito ba sam. Akwai wata riba ta gefe, hasken ma'auni mai ƙarfi yana ɗaga raunannen hasken tsokar har kamara ta gan shi.

Ye Pu da Martin Centurion da Demetri Psaltis sun bayyana wannan hanya a 2008, daga baya aka yi amfani da ƴan ƙananan ƙwayoyin kiristal da ake sa wa ƙwayar halitta a matsayin alama. Rukunin Randy Bartels a jami'ar jihar Kolorado sun yi shi a kan samfurin halitta ba tare da alama ba a 2010, a 2013 kuma suka buga cewa sun kai hoto mai zurfi fiye da 1,500 a sakan guda, alhali hanyar ɗigo-ɗigo ba ta kai ko ɗaya a sakan ba.

Inda masana suka rabu

Masu goyon bayan hologiram hujjarsu ta farko gudu ne, in kana son ganin tsoka lokacin da take tsukewa dole ka kama duka a ƙiftawa ɗaya. Hujja ta biyu ta fi zurfi: tunda an kama taku, ana iya sanin inda kan zare ya fuskanta. Zaren kolajen biyu na iya kwanciya gefe da gefe, ɗaya kansa gabas ɗaya yamma, a hoton ƙarfin haske iri ɗaya za su fito, amma takunsu kishiyar juna ne, hologiram zai bambanta su.

Masu hanyar ɗigo-ɗigo kuma suna cewa a dubi farashin. Ƙarfin da ka tara a ɗigo guda in ka baza shi a fili mai faɗi ya ragu, amsar kuma ta faɗi ninkin-ba-ninkin saboda ƙa'idar nan ta sau huɗu, sai ka nemi lazer mafi ƙarfi da tsada, haɗarin lahanta samfurin ya ƙaru. Sannan tsoka mai kauri tana warwatsa haske kamar hazon hunturu da fitilar mota, takun ya rikice, shi ya sa hologiram ya fi aiki a kan yanka siriri ko abu garai-garai da haske ke ratsawa ya fita ta ɗaya gefen, ita kuwa hanyar ɗigo tana iya leƙa ɗaruruwan mikromita cikin tsoka mai rai. Akwai kuma maganar da tallar "3D" ba ta cika faɗa ba, hologiram guda ya fi iya rarrabe dama da hagu a kan sama da ƙasa, abubuwa biyu da ke kan juna suna iya cakuɗewa, don a gyara sai an haska daga kusurwa da yawa a haɗa da lissafi, gudun da ake taƙama da shi ya ragu ke nan.

Ɓangare na uku su ne likitocin da ke karanta yankan nama. Rinin da suke amfani da shi ya haura shekara ɗari, arha ne, littattafan cuta duk a kansa aka rubuta, kuma yana nuna cibiyar ƙwayar halitta wadda ninki biyu ba ya nunawa, alhali ita suke fara duba in ana zargin kansa. A wurinsu sabon madubin ƙari ne a kan abin da ake da shi. In aka auna hujjojin za a ga kowa a fagensa yake da gaskiya, kuma har yanzu hanyar ɗigo ce ke cikin na'urorin da kamfanoni ke sayarwa, ta hologiram mai ninki yawanci masu bincike ne ke harhaɗa ta da hannunsu.

Mu nan fa

Na farko dai, ba na'urar da mara lafiya zai shiga ba ce. Radiyo da eko da iskane suna ganin gaɓoɓi a zurfin santimita da yawa, wannan kuwa filin da yake gani bai kai ƙwayar gero ba. Duk saƙon da ya nuna shi a matsayin magajin iskane ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba.

Cututtukan da binciken ya shafa kuwa namu ne. Ciwon hanta irin B da ya yi yawa a yankinmu in ya daɗe yana sa hanta ta yi tabo, tabon nan kolajen ne da ya taru, kuma an nuna ana iya auna yawansa da ninki biyu. A kansar nono an lura cewa yadda zaren kolajen ke jeruwa a gefen ƙari yana da alaƙa da yadda cutar ke bazuwa. Palu ma ya shigo, ƙwayar cutar in tana cin jini tana barin wani baƙin kashi mai suna hemozoyin cikin jar ƙwayar jini, a 2008 masana a jami'ar McGill ta Kanada suka nuna yana haske sosai da ninki uku. Sai dai wannan da hanyar ɗigo aka yi shi, kuma ba wanda zai ajiye ɗan gwajin palu na minti 15 da ake yi a CSI, wato likitar unguwa, ya nemi lazer ta gomman miliyoyin sefa. Amfanin da zai iso ga talaka ta bayan fage zai biyo, ta magani ko ma'aunin cuta da aka gano da taimakon madubin a wani wuri.

Kafa shi nan ma ba kuɗin saye ne kaɗai ba. Yana son ɗaki mai sanyi da ba ya sauyawa dare da rana, kuran da ba ya yankewa, tebur da ba ya girgiza ko babbar mota ta wuce, da iska marar ƙura, wanda duk ya share gilashin mota a Yamai cikin Janairu ya san abin da wannan ke nufi. Yana kuma son mutum guda ko biyu da aikinsu ke nan, saita madubai. Jami'ar da ke gaɓar kogi sunan masanin fizik take ɗauke da shi, Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya yi rayuwarsa kan hasken rana, ga kuma CERMES da ke binciken cututtuka, saboda haka ɗalibin da ya karanta fizik ko lissafi ko ilimin kwamfuta a nan yana da ƙofar shiga fannin, musamman ɓangaren lissafin warware hologiram wanda kwamfuta ta hannu ta ishe shi.

Rabin da ya fi kusa da mu shi ne hologiram marar ninki. Aydogan Ozcan a jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles ya nuna tun wajen 2010 cewa ana iya yin mikroskop na hologiram ba ma tare da ruwan tabarau ba, ƴar fitilar LED ce da irin idon kamarar salula, lissafi ya yi sauran, har ana maƙala shi a jikin waya, kuma an gwada hologiram na dijital wajen bambanta jar ƙwayar jini mai palu da lafiyayya. Irin wannan batir na iya riƙe shi, yana shiga jaka a kai shi ƙauye a kan moto. Ba ya sa kolajen haske, ba ya zaɓe kamar mai ninki, amma in wata rana an ga kalmar hologiram a jikin wata na'ura a likitar unguwa, mai yiwuwa irin wannan ce.